Zuwa ga sanatoci da 'yan majalisar wakilai na Arewa: ku buɗe durowa kafin ku sake kafa mana wani kwamiti

Assalamu alaikum.

Masu girma sanatoci da 'yan majalisar wakilai da muka tura Abuja daga jihohin Arewa 19, barkanku da aiki, ya iyali, ya jama'a. Ba zan ja gaisuwa ba don na san hidima ta muku yawa.

Wata al'ada taku ce ta ishe ni shi ya sa na zauna nake wannan rubutun. Duk ranar da aka wayi gari an kashe mutane a ƙauye ko an kwashe ɗalibai, sai ɗayanku ya miƙe a zaure ya kawo ƙudurin gaggawa, a yi shiru na minti ɗaya, a yi Allah wadai, a kira hafsoshin tsaro, su zo a rufe ƙofa a kori 'yan jarida, can da yamma a fito a ce an fahimci juna, daga nan kuma sai maganar shirya babban taron ƙasa kan tsaro. Majalisar dattawa ta yi irinsa a Fabrairun 2018, ta wakilai ta yi nata a Mayun 2021. Toh ni roƙona, kafin a sake kama otal a buga jakunkuna masu tambari, ku tura masinja ya kwaso muku rahotannin da gwamnatin ƙasar nan da kanta ta biya kuɗi aka rubuta tun 1981, ku karanta, ku tambayi me ya hana a yi aiki da su. Halinmu ya zama kaman na mai zazzaɓin da likita zai rubuta wa magani ya ninke takardar ya sa a aljihu, gobe ya tafi wani asibitin a sake auna shi.

Mu fara da Kano. Muhammadu Marwa Maitatsine ba daga sama ya faɗo unguwar 'Yan Awaki ba. Mutumin garin Marwa ne a Kamaru, kuma tun zamanin Sarki Sanusi na ɗaya, farkon shekarun 1960, hukuma ta san da zamansa har ta kore shi daga Kano saboda irin wa'azinsa. Ya dawo, aka ɗaure shi a shekarun 1970, ya fito ya ɗora daga inda ya tsaya, ya tara dubban mabiya, ya mamaye unguwa, maƙwabta na kuka 'yan sanda na tsoron shiga. Sai ƙarshen Nuwambar 1980 Gwamna Abubakar Rimi ya aika masa takardar wa'adi ya tashi. Ranar 18 ga Disamba abu ya ɓarke a filin Shahuci, 'yan sanda suka kasa, sai da Shugaba Shagari ya turo soja harda jirgin sama. Kwamitin mai shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu, cikin ƙasa da sati biyu, a gari ɗaya. Kwamitin ya yi magana kan iyakokinmu da kowa ke shiga yadda ya ga dama, da yaran da ake kwasowa daga ƙauye a zube su a birni ba mai kula da su, da sakacin jami'an tsaro. Aka kashe Marwa aka ce magana ta ƙare. Almajiransa suka tashi a Bulumkutu ta Maiduguri da Rigasa ta Kaduna a 1982, suka tashi a Jimeta a 1984, suka tashi a Pantami ta Gombe a 1985. Musa Makaniki da ya jagoranci na Jimeta ya tsallaka Kamaru abunsa, ba a kama shi ba sai 2004.

Shi ya sa nake jin haushi in na ji babban mutum ya ce wai Boko Haram ta zo mana ba shiri. Wane irin ba shiri? A Disambar 2003 wasu samari da suka yi hijira zuwa Kanamma a Yobe, waɗanda aka riƙa kira 'yan Taliban, suka far wa ofisoshin 'yan sanda a Kanamma da Geidam. A Satumbar 2004 suka taɓa Bama da Gwoza. Malamai ba su yi shiru ba, Malam Ja'afar Mahmud Adam ya yi ta gargaɗi a karatunsa, Albani Zariya ya yi raddi, Isa Pantami ya zauna muƙabala da shugaban Boko Haram Muhammad Yusuf ido da ido, kaset ɗin na hannun kowa. An harbe Malam Ja'afar yana limancin sallar asuba a masallacinsa na Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007, Albani kuma aka tare shi a Zariya ranar 1 ga Fabrairun 2014 aka kashe shi da matarsa da ɗansa. Shi kuwa Yusuf an sha kama shi a kai Abuja, a ba da belinsa, ya dawo Maiduguri mabiyansa su tarbe shi da jerin gwanon motoci. Wato malamai sun faɗa, jami'an farin kaya sun sani, kotu ce kawai ba ta taɓa kai shari'arsa ƙarshe ba.

A nan nake so ku ɗan tsaya, a 2009, don a ganina duk abun da ya biyo baya a nan aka shuka shi. A watan Yuni jami'an rundunar tsaro ta Operation Flush suka tare 'yan ƙungiyar suna rakiyar gawa zuwa maƙabarta a Maiduguri, rigima a kan hular kwano ta babur, aka buɗe wuta aka jikkata 17. Yusuf ya hau mumbari ya yi wa'azin da shi da kansa ya kira buɗaɗɗiyar wasiƙa ga gwamnatin tarayya, ya ce za su rama, a fili ba a ɓoye ba, wa'azin na yawo a wayoyi. Sati shida aka yi ba wanda ya binciki harbin ba kuma wanda ya kama mai barazanar. Ranar 26 ga Yuli suka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi a Bauchi, wuta ta kama Maiduguri da Potiskum da Wudil, sama da mutum 700 suka mutu a Maiduguri kaɗai. Ranar 30 ga wata soja suka kama Yusuf da ransa, suka yi masa tambayoyi a gaban kyamara, suka miƙa shi ga 'yan sanda, kafin gari ya waye gawarsa ce a yashe da ankwa a hannu. Haka aka kashe Buji Foi, tsohon kwamishinan harkokin addini na jihar, haka aka kashe surukin Yusuf, Baba Fugu, dattijon da ya kai kansa ofishin 'yan sanda da ƙafarsa. A Fabrairun 2010 Aljazeera ta nuna bidiyon masu kaki suna kwantar da mutane a titi, harda masu sanda guragu, suna harbewa.

Kar wani ya juya min magana, ba tausayin Muhammad Yusuf nake ji ba, mutumin da ya ɗora yaran mutane kan hanyar halaka. Abun da nake cewa shi ne da an tsayar da shi gaban alƙali da mun ji wa ya ba shi fili, wa yake ba shi kuɗi, wa yake karɓar belinsa, ta yaya na kusa da shi ya zama kwamishina. Wanda ya ba da umarnin harbin ya rufe bakin babban shaida ne, sannan ya ba Shekau, magajin Yusuf, kyautar bidiyon da ya yi shekaru yana jan samari da shi. Kotu ta ce a biya iyalan Baba Fugu diyyar naira miliyan 100, gwamnatin Borno ta biya a 2012, da kuɗin talakawan Borno. 'Yan sanda biyar aka gurfanar a 2011 kan kisan Yusuf, kotu ta sallame su a 2015. Shi kenan.

Kwamitin Ambasada Usman Gaji Galtimari da Shugaba Jonathan ya kafa a 2011 bai ɓoye komai ba. Ya ce tushen abun yana da alaƙa da 'yan dabar da 'yan siyasa suka tara suka ba makami kafin zaɓen 2003, aka ci zaɓe aka watsar da su, irin 'yan Ecomog na Borno, ku ma kun san 'yan kalare a Gombe da sara-suka a Bauchi. Ya ce rahotannin tsaro sun riƙa zuwa ba a aiki da su. Ya ce a binciki 'yan siyasar, a hukunta waɗanda suka kashe Yusuf. Gwamnati ta fitar da takardar matsayarta a 2012 ta ce ta amince da mafi yawan shawarwarin. Masu girma, ɗan siyasa nawa ne ya kwana a gidan yari saboda wannan rahoton? Wasu daga cikin waɗanda ake nuna wa yatsa a lokacin ma a kujerun kusa da naku suka zauna. Sai aka sake kafa wani kwamitin a 2013, na Kabiru Tanimu Turaki, shi ma ya miƙa nasa.

Abun da ya biyo baya ba sai na ba ku labari ba. Fasa gidan yarin Bauchi a Satumbar 2010 aka saki fursuna sama da 700, bam a hedikwatar 'yan sanda da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya a 2011, cocin Madalla ranar Kirsimeti, Kano ranar 20 ga Janairun 2012 mutum 185 a yini ɗaya, yaran Buni Yadi, 'yan matan Chibok 276, babban masallacin Kano ranar Juma'a 28 ga Nuwambar 2014, Shekau ya kafa tuta a Gwoza, aka canza wa Mubi suna. Hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa ƙarshen 2020 mutum kusan 350,000 rikicin ya ci a Arewa maso Gabas, kuma kashi ɗaya cikin goma ne kawai harsashi ko bam ya kashe, sauran yunwa ce da cuta da rashin asibiti, yawancinsu yara ƙanana.

Kuma ba zan zama butulu in ce ba a yi komai ba. An yi dokar yaƙi da ta'addanci a 2011, aka gyara a 2013, aka sake sabuwa a 2022 wadda ta kafa cibiyar yaƙi da ta'addanci a ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. An sa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa a Mayun 2013. Samarin Maiduguri 'yan kato da gora suka fito da sanduna suka tsarkake garinsu lungu-lungu, abun da tankar yaƙi ta kasa, don su sun san ɗan gidan wane da ɗan gidan wane. A 2015 sojojinmu da na Chadi da Nijar da Kamaru suka ƙwato garuruwa, aka farfaɗo da rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a Njamena. Mutane irin su Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da ya faɗi a Malam Fatori a Nuwambar 2016, sun ba da ransu, Allah Ya jiƙansu Ya kula da marayunsu. Har aka kai mutum na zuwa kasuwar Monday a Maiduguri ya dawo lafiya, wanda ya ga 2014 ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma bindiga ta yi nata, alƙali ne bai yi nasa ba, kuma ku ne masu sa ido kan alƙalin da wanda ke kai masa ƙara.

Ku dubi maganar kuɗin makamai. A Disambar 2014 kotun soja ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda sun ƙi fita fagen daga, su kuma suna cewa ba a ba su kayan aiki ba. Cikin 'yan watanni aka gama shari'arsu, daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara goma. Shekara ɗaya bayan hukuncin sai ga zargin dala biliyan 2.1 na sayen makamai da aka ce an raba wa 'yan siyasa da masu addu'a da 'yan jarida. Shari'ar Sambo Dasuki, tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da aka fara a 2015 kan wannan kuɗin ta cinye shekara goma ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba. In mutumin nan ba shi da laifi an zalunce shi da aka tsare shi shekara huɗu ana take umarnin kotu, in yana da laifi mu aka zalunta. Kurtu dai shari'arsa ba ta kwana, ta oga ce ke tsufa a kotu. A Disambar 2017 gwamnoni suka amince a ciri dala biliyan ɗaya daga asusun rarar mai, aka biya dala miliyan 496 na jiragen Super Tucano 12, sun iso a 2021, toh sauran fa? Kasafin 2025 da shugaban ƙasa ya kawo gabanku ya ware wa tsaro naira tiriliyan 4.91. Ku kuke sa hannu duk shekara, ku ya kamata ku iya gaya mana nawa ya isa hannun yaron da ke kwana a rami a Marte.

Sai wanda ya fi ci min rai. Ranar 14 ga Maris 2014 Boko Haram ta fasa barikin Giwa a Maiduguri ta saki tsararru. Ƙungiyar Amnesty ta ce a ranar an kashe sama da 640 daga cikin waɗanda aka sake kamawa, kuma a rahotonta na 2015 ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun 2011, yunwa da ƙishirwa da cunkoso. Soja sun ƙaryata. Madalla, ai shi ya sa a Agustan 2017 Osinbajo yana riƙon ƙwarya ya kafa kwamitin mai shari'a Biobele Georgewill ya bincika. Kwamitin ya zagaya, mata suka zo suka yi kuka a gabansa, irin matan ƙungiyar Knifar da aka raba da mazajensu a hanyar gudun hijira daga Bama aka ce za a tantance su, ya miƙa rahoto a 2018, kuma ba a fitar da shi ga jama'a ba. In rahoton ya wanke soja me ya sa ake ɓoye shi? A Disambar 2020 mai gabatar da ƙara ta kotun duniya, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin bincikar ɓangarorin biyu, Boko Haram da jami'an tsaronmu. Kun fi son a kira mu Hague a karanta mana abun da ke cikin durowarmu? Wannan ba cin mutuncin soja ba ne, sojan kirki shi ya fi kowa asara in ƙauye ya daina ba shi labari. Uwar da aka tafi da ɗanta shekara goma ba gawa ba kotu, in ta ga baƙin fuska da bindiga a bayan gari wa za ta je ta gaya wa?

Shari'ar 'yan ta'addan kanta haka take tafiya da ɗingishi. An ɗaure Kabiru Sokoto rai da rai a 2013 kan harin Madalla, wannan an yi abun kirki. A Oktobar 2017 aka fara shari'ar mutum 1,669 a barikin Wawa da ke Kainji, zagayen farko aka ɗaure 45 aka saki 468, wato ɗaruruwan mutane sun yi shekaru a tsare ba hujja a kansu, kuma da yawan waɗanda aka ɗaure laifinsu sayar wa 'yan ƙungiya abinci ne ko ƙin kai rahoto, mutumin da garinsu ke hannun Boko Haram ina zai kai rahoton? Khalid Albarnawi na Ansaru, ƙungiyar da ta ɓalle daga Boko Haram, da ake tuhuma da harin ginin Majalisar Ɗinkin Duniya an kama shi a Lokoja a 2016, har 2025 ana ta ɗage zama. Ranar 5 ga Yulin 2022 aka fasa gidan yarin Kuje, a Abuja fa, 'yan Boko Haram 64 da ke ciki suka fice. Masu ba da kuɗi kuwa, kotun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ce ta ɗaure 'yan Najeriya shida a 2019 kan tura wa Boko Haram dala 782,000, wata ƙasa ce ta yi mana aikinmu. A 2021 aka ce an kama kusan mutum 400, yawancinsu 'yan canji, aka ce za a gurfanar da su. Ku tambayi ministan shari'a sunayen waɗanda aka samu da laifi da na waɗanda aka wanke, don su ma waɗanda ba su ji ba su gani ba suna da haƙƙin a wanke sunansu a kasuwar 'yan canji ta Wapa a Kano.

Maganar tubabbu ni ba na cikin masu cewa a kashe duk wanda ya miƙa wuya, yaƙi irin wannan ba ya ƙarewa sai an bar ƙofar fita, kuma bayan mutuwar Shekau a Sambisa a Mayun 2021 sama da mutum dubu ɗari sun fito, mafi yawansu mata da yara da manoman da aka tsare da ƙarfi. Amma tun 2016 ake kai mutane sansanin Malam Sidi a Gombe, a koya musu sana'a a ba su jari, ita kuwa matar da suka yanka mijinta tana layin karɓar garin masara. A ware kwamanda daga yaron da aka sace yana shekara goma, kwamandan ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abun da ya yi kafin a yi maganar yafiya, kuma wanda aka yi wa laifin shi ke yafewa ba gwamnati ba.

Yanzu ku juyo Arewa maso Yamma ku ga yadda aka maimaita komai. Satar shanu ce da rigimar burtali da gona, Bafulatani ya kai ƙara a tatse shi a ofishin 'yan sanda da kotu, manomi ya kai ƙara a ce ba mai a mota, 'yan sa-kai suka fara yanka mutane a kasuwa ba shari'a, na daji suka sayo bindiga suka fara ramuwa kan gari gaba ɗaya, 'Yar Galadima a 2014 ta isa misali. Aka yi sulhu da ƙasurgumin ɗan bindiga Buharin Daji a 2016 ya rushe, aka sake a 2019 a Zamfara da Katsina ya rushe, Masari, gwamnan Katsina na lokacin, da bakinsa ya ce ya yi nadama. Aka hana haƙar zinare a 2019, aka kashe sabis na waya a 2021, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, talaka ya sha wuya su kuma suka koma karɓar buhun shinkafa da babur a matsayin kuɗin fansa. Aka yi ta kwashe ɗalibai da matafiya, Kankara, Kagara, Jangebe, Tegina, jirgin ƙasan Kaduna, Kuriga. Kwamitin tsohon sufeton 'yan sanda M.D. Abubakar ya miƙa wa gwamnatin Zamfara rahoto a 2019, ya ce an kashe mutum 6,319 daga 2011, an bar zawarawa 4,983 da marayu 25,050, ya ce akwai hannun sarakuna biyar da hakimai da dama da wasu jami'an tsaro. An tuɓe sarakunan Zurmi da Ɗansadau a 2022 bisa zargi, amma tuɓe rawani daban tsayawa gaban alƙali daban, kuma a wannan shekarar dai aka naɗa ɗan bindiga Ado Aleru Sarkin Fulani a 'Yandoto da rana tsaka, mutumin da 'yan sandan Katsina suka sa kuɗi a kansa. Kotu ta ayyana 'yan bindigar daji 'yan ta'adda tun Nuwambar 2021. Toh an canza musu suna a takarda, manomin Shinkafi da na Sabon Birni dai har yanzu sai ya biya harajin noma kafin ya shiga gonarsa, ya sake biya kafin ya girbe. Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, ya yi roƙo a bidiyo a Agustan 2024 duniya na kallo, a hannunsu ya rasu.

Lakurawa kuwa su suka nuna min ba mu koyi komai daga 'Yan Awaki ba. Tun 2018 mutanen Tangaza da Gudu a jihar Sakkwato suke cewa ga wasu baƙi da manyan bindigogi suna wa'azi suna karɓar zakka suna yi wa samari bulala, 'yan sandan Sakkwato suka ce makiyaya ne masu zuwa ci-rani. Kuma wasu shugabannin yankin ne suka fara gayyato su don su kare su daga ɓarayin daji, saboda hukumar da ya kamata ta kare su ba ta nan. Sai Nuwambar 2024 hedikwatar tsaro ta fito ta ce wai sabuwar ƙungiya ta ɓulla, a satin suka kashe mutum 15 a Mera ta jihar Kebbi. Ga shi tun juyin mulkin 2023 mun ɓata da Nijar, ta fice daga rundunar haɗin gwiwa a 2025, alhali daga Illela zuwa Ƙonni ɗan taƙi ne, dangi ɗaya kasuwa ɗaya. Ku sanatocin Arewa kun yi magana da murya ɗaya lokacin da ake shirin kai wa Nijar yaƙi, kuma an ji ku, wato in kun so kuna iyawa.

Don haka ba sabuwar doka nake roƙo ba. Sashe na 88 da 89 na kundin tsarin mulki sun ba ku ikon kiran kowa da neman kowace takarda, ku yi amfani da shi. Ku nemi rahoton Georgewill a ajiye shi gaban majalisa a buga shi, in akwai sunan da zai jefa shaida cikin haɗari a rufe sunan a bar sauran. Ku ɗauko takardar Galtimari ku bi ta shawara bayan shawara, ministan shari'a da sufeton 'yan sanda su zauna su ce wannan an yi wannan ba a yi ba ga dalili. Kuma don Allah zaman ya zama a buɗe, a Maiduguri da Gusau da Sakkwato, da Hausa da Kanuri da Fulatanci, a sa a rediyo kai tsaye, ba a ɗakin sanyi a Abuja da Turancin da mai gonar ba ya ji ba. In hukuma ta ƙi kawo takarda ku riƙe kasafin gina ofisoshinta da sayen motocin manyanta, ba alawus ɗin kurtu ba, ai kun iya riƙe kasafi in aka taɓa ayyukan mazaɓunku.

In kuma duk wannan ya muku yawa ku fara da guda ɗaya mai sauƙi. A Janairun 2017 jirgin sojan sama ya jefa bam kan 'yan gudun hijira a Rann, sama da mutum 100 suka mutu, aka ce kuskure ne. Ranar 3 ga Disambar 2023 jirgi mara matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi, hukumar agajin gaggawa ta ƙirga gawa 85, da yawanku kun je jaje harda alƙawarin albashinku. A Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja. Ku rubuta wa babban hafsan tsaro ku tambaye shi ina aka kwana, me kotun ta samu, me aka canza a yadda ake ba da umarnin harbi daga sama, sannan wanda ke wakiltar Igabi ya ɗauki amsar ya je Tudun Biri ya karanta musu da bakinsa.

Wassalam.

Naku,
wani mai kaɗa ƙuri'a daga Arewa